Rediyo Mai Kitso Ta Haska Majalisa

Tun tana ƙarama aka san bakinta ba na aro ba ne. Mahaifinta ne ya laƙaba mata Rediyo, wai don ita kaɗai ce a gidan ba ta buƙatar batir, kuma an nemi makunninta don a kashe an rasa. Sunan ya bi ta makaranta, ya bi ta gidan miji, har ta kai in baƙo ya tambayi sunanta na gaskiya a unguwar sai a tsaya ana kallon-kallo.

Allah da ikonsa, sai ya haɗa ta da mijin da ya dace da ita. Mai walda ne, dogo, mai sanyin hali, wanda ƙarar injin yankan ƙarfe ta cinye wa rabin ji tun yana saurayi. Ita ta yi ta zuba, shi ya yi ta gyaɗa kai yana murmushi. Maƙwabta kan ce ba su taɓa jin faɗan gidan ba. Gaskiyar magana, an sha jin nata rabin, nasa ne ba a taɓa ji ba.

Sana'arta kitso. Shagonta ɗaki ɗaya ne a bakin titi, da madubi mai tsaga a kusurwa, da dogon benci na masu jiran layi, da matazai tsaye cikin gwangwanin madara, da wata fanka mai juya kai hagu da dama kamar ba ta yarda da abin da ake faɗa ba. Hannunta na da kyau, kitsonta ba ya zafi kuma yana daɗewa, shi ya sa mata ke jure wa surutun. Kusa da ita shagon Mai Kemis ne, wata mata mai gilashi, marar son hayaniya, wadda in ta ce maka “sannu” sau biyu a rana to ranar ta yi hira.

Abin da ya haɗa su kuwa kwalbatin da ke gaban shagunan ne. Ya toshe tun ba a san ranar ba. Da an yi ruwan sama sai kwata ta tumbatso ta shigo musu, ta kwashe takalman masu kitso ta yi gaba da su. Rediyo ta sha tsayawa cikin ruwa har idon sawu tana ƙarasa kan amarya, takalmin amaryar kuwa yana can yana iyo wajen masu faci.

Kansilan mazaɓar mutum ne mai fara'a da yawan turare. Duk wanda ya tare shi da maganar kwalbati, ko ta bola, ko ta fitilun titi, amsarsa ɗaya ce: “Ana kan yi.” Da haka sunan ya kama shi, har yara in sun hango motarsa sai su ce ga Ana-kan-yi nan. Rediyo ba ta taɓa fashin zaɓe ba. Takan yi sammako ta bi layi, ta dangwala, ta dawo tana nuna wa kowa tawadar da ke yatsanta. Amma a tunaninta daga nan an rufe ƙofa ke nan, sai kuma wani zaɓen.

Ana nan sai autarta, ma'aikaciyar jinya a wani gari, ta zo hutu da tsarabar babbar waya.

“Umma, don ki riƙa ɗaukar hoton kitso kina sakawa ne, mutane su gani su zo,” in ji Auta. Ta koya mata ɗaukar hoto, ta koya mata yadda ake haska abu kai tsaye mutane na kallo daga gidajensu. Duk waɗannan Rediyo ta karɓe su da “to, to”. Sai da aka zo kan saƙon murya ta gyara zama.

“Tsaya, tsaya. Wato in danna nan in yi magana, ba mai katse ni?”

“Babu, Umma.”

“Har in gama?”

“Har ki gama.”

Rediyo ta dafe ƙirji ta dubi sama. Abin nema ya samu. Auta kuwa tun a lokacin jikinta ya ba ta cewa ta jawo wa unguwa aiki.

Kafin mako ya zagayo an saka ta a guruf ɗin unguwa, inda da ma ba a komai sai sanarwar haihuwa da cigiyar akuya. Ta mai da shi tasha. Da safe ta gaida kowa da kowa, da hantsi ta ba da labarin kwalbati, da rana ta maimaita wa waɗanda ba su ji ba. Telan da ke bayan layinsu ya rantse ya yanka riga ya ɗinke ta har ya sa maɓallai, saƙonta guda bai ƙare ba. Wasu suka fice daga guruf ɗin, suka ga gari ya yi musu shiru, suka roƙa a mai da su.

Wata rana, bayan ta gama wanke Ana-kan-yi tas, sai wani tsohon hedimasta da ya yi ritaya ya yi rubutu a ƙasa. Ya ce, “'Yata, maimakon ki yi ta faɗa mana mu da ba mu da shebur, me zai hana ki je majalisar ƙaramar hukuma? Doka ta ce zamansu a buɗe yake ga kowa.”

“Ga kowa, Baba? Har mai kitso?”

“Har mai kitso.”

Ranar zaman ta rufe shago, ta ci ado kamar mai zuwa ɗaukar hoto, ta cika wayarta da caji. Mai gadin sakatariya ya tambaye ta wa take nema. Ta ce majalisa. Ya ce wane ne a majalisar? Ta ce dukkansu. Ya sosa ƙeya, ya ce shi dai tun da ya kama aiki bai taɓa ganin wanda ya zo kallo ba, amma ba a ce ya hana ba.

Zauren dogo ne, da teburi mai kama da takalmin doki, da kujeru masu juyawa. Can baya aka jera bencina na jama'a, ƙura ta yi musu bargo. Ta karkaɗe gefen guda ta zauna. Kujerun kansiloli fiye da rabi ba kowa. Cikin waɗanda suka zo, ɗaya na yanke farce, ɗaya na wasa da makullin mota, ɗaya kuma, wani kakkaura mai wakiltar mazaɓar bayan tasha, ya jingina ya saki baki yana barci abinsa. Ciyaman na karanta takarda cikin murya ɗaya kamar mai ƙirga buhuna. In ya kai aya sai ya ce, “An amince?” Sai a ce, “An amince,” ba tare da an ɗaga kai ba.

Rediyo ta ji abin ya cika mata ciki. Wannan ai ba labarin da za a bayar da baki a yarda ba ne. Ta zaro waya, ta danna inda Auta ta nuna mata, ta ɗaga.

“Jama'a, salamu alaikum,” ta faɗa cikin raɗa. Sai dai raɗar Rediyo daidai take da hirar mutum biyu. “Ga ni a majalisa. Wancan mai hular shi ne namu. Wancan kuma da kuke gani, ba mutuwa ya yi ba, barci yake.”

Ciyaman ya ɗago. “Baiwar Allah, me kike yi da waya a nan?”

“Ranka ya daɗe, mutanen unguwa nake nuna wa. Suna gaishe ka. Ga wata ma ta ce rigarka ta yi kyau.”

Ciyaman ya gyara wuyan rigar bai sani ba, sannan ya tuna ya kamata ya ɓata rai. Ya juya wajen Sakatare ya tambaya ko doka ta yarda da wannan. Sakatare ya buɗe littafin ƙa'idoji, ya lashi yatsa, ya duba gaba ya duba baya.

“Ranka ya daɗe, lokacin da aka rubuta wannan ba a san da irin wayar nan ba. Abin da ya ce kawai, zama a buɗe yake ga jama'a.”

“To ai ga jama'ar nan a hannuna,” in ji Rediyo.

Ba a gama wannan ba sai wayar mai barcin ta ɗauki ƙara. Ya zabura, ya lalubo ta, cikin magagi ya danna lasifika. Muryar matarsa ta cika zauren: “Tashi! Tashi, don Allah! Duk gari na kallonka, bakinka a buɗe!”

Zauren ya fashe. Mai yanke farce ya tuntsire har abin yankan ya faɗi, Sakatare ya ɓoye fuska cikin littafi kafaɗunsa na rawa. Rediyo kuwa dariya ta hana ta riƙe wayar daidai, masu kallo suka yi ta ganin silin da fanka, suna rubuto mata, “Anti, daidaita hannu!” Saƙonni na ta hawa kamar tururuwa, tana karanta su da ƙarfi, kuma kusan duk na kwalbati ne. Ciyaman, don ya kuɓuta, ya juya ga kansilanta ya ce ya yi bayani.

Kansilan ya miƙe, ya gyara murya. “Ranka ya daɗe, maganar kwalbati, ana kan...” Ya dubi wayar. Wayar ta dube shi. Ya haɗiye sauran. “Gobe za a fara.”

Ba goben aka fara ba, amma kafin ruwa na gaba ya sauka ma'aikata sun zo da shebur da baro. Rediyo ta haska su tun daga shebur na farko. Da aka zaro wani takalmi mai tsini daga cikin laka, mata uku suka rubuto kowace na cewa nata ne. Maigidanta ya tsaya a bakin shago yana kallon ruwa na wucewa ta inda ya kamata, ya ce, “Ashe bakin nan na da rana.” Ta ce ya maimaita don a ɗauka, ya ce bai ji ba.

Daga nan ranar zaman majalisa ta zama ranar hutun kitso. Masu kallonta suka yi ta ƙaruwa, daga unguwa zuwa gari, daga gari zuwa wuraren da ko sunansu ba ta iya faɗa. Maigida ya haɗa mata sandar ƙarfe mai ƙafa uku don hannunta ya huta. Majalisa kuwa ta sake kama. Kujeru suka cika. Kowa sai ya sha aski ya zo da sabon ɗinki. Mai barcin nan ya koma shan shayi mai kauri kafin zama, idonsa a waje kamar na mujiya. Wani ma an kama shi yana shafa hoda a bayan ƙofa. In mutum zai yi magana, maimakon ya fuskanci Ciyaman sai ya juya ya fuskanci benci na baya, ya ɗaga yatsa, ya ce, “Ya ku jama'ata!” Ciyaman ya gaji da kallon ƙeyoyi.

Rediyo ta ji daɗin wannan ƙwarai, har tafiyarta ta sauya. In ta shiga kasuwa sai ka ji “Anti Rediyo! Anti Rediyo!” ta ko'ina. Amma tana da ido, ba baki kaɗai ba. A hankali ta lura jawabai sun yi tsawo, aiki ya gajarce. Da can in kansilan wannan jam'iyya ya kawo magana mai kyau, na waccan kan ce an amince a wuce wurin. Yanzu ba mai son magoya bayansa su gan shi yana gyaɗa wa abokin hamayya kai. Ko cewa aka yi rana ta fito, sai wani ya miƙe ya ce bai yarda ba. Sannan duk maganar da ta yi nauyi, sai Ciyaman ya ce an miƙa wa kwamiti. Kwamiti kuwa wani ɗan ɗaki ne a ƙarshen baranda, mai labule da sakata.

“Sun kwashe majalisar sun kai ɗaka, sun bar mini wasan kwaikwayo,” ta gaya wa Mai Kemis.

Mai Kemis ta ɗago daga jera kwalabe, ta ce, “Haka ne.” Rediyo ta ɗauki wannan a matsayin doguwar hira.

Sai kuma aka yi abin da ya tsinka mata zuciya. An yi muhawara kan faɗaɗa titin kasuwa, Ana-kan-yi ya miƙe ya yi maganar da ta fi kowace kyau a rayuwarsa. Ya ce, “Wasu na cewa a rushe rumfunan 'yan kasuwa. Ni kuwa na ce sai dai a fara da gidana.” Wani wanda ba a san ko wane ne ba ya ɗauki bidiyon Rediyo, ya datse kai ya datse gindi, ya bar kansila yana daka teburi yana cewa, “A rushe rumfunan 'yan kasuwa.” Kafin azahar guntun ya zaga kowace waya. Kafin la'asar 'yan kasuwa sun taru a ƙofar gidansa, wani ya jefi taga, tsohuwar mahaifiyarsa kuwa na ciki.

Rediyo ta saka cikakken bidiyon nan take. Amma shi dogo ne, yana cin data, guntun kuwa kafin ka ƙifta ido ya ƙare. Ta yi saƙon murya, aka ce an saye ta. Nan ta ji abin da ba ta taɓa ji ba, wato tana magana ba a saurare. Ta ɗauki wayar ta fita da ƙafa. Mai Kemis ta rufe shagonta ba tare da an roƙe ta ba, ta bi ta. Suka shiga kasuwa rumfa-rumfa, Rediyo na tura wa mutum waya a fuska tana cewa, “Kalla tun daga farko, ɗan'uwa, kar ka ci tuwon da ba ka ga tukunyarsa ba.” Mai Kemis kuwa ba ta cewa komai sai an gama kallo, sannan ta tambayi mutum, “Wa ka tura wa wancan? To tura masa wannan.” Sai da suka yi kwanaki suna wannan yawo kafin ƙurar ta kwanta, kuma har yau akwai waɗanda suka rantse da kunnensu suka ji.

Ana-kan-yi ya zo shago da kansa yin godiya. Ya tsaya a bakin ƙofa, mata na ja da baya da kawuna rabi a tsefe. Ya ce, “Hajiya Rediyo, ke kika tona ni, ke kika rufa mini asiri. Ban san wanne zan fara gode wa ba.” Ta ce ya fara da fitilun titi. Ya buɗe baki zai ce “ana kan yi”, ya rufe, duk shagon ya kwashe da dariya har da shi. Da zaɓe ya matso ya ce shi ya gaji, ba zai sake tsayawa ba.

To nan ne fa masu kallo suka taso ta a gaba. “Anti, ke ce kansila!” “Rediyo sai kin yi!” Duk bidiyon da ta saka sai zukata su yi ta tashi a fuskar wayar kamar an buɗe kejin tattabaru. Ta kwana biyu tana cewa a'a da baki, zuciyarta kuwa ta riga ta zaɓi kujerar da za ta zauna, ta kusa da taga.

“Maigida, takara zan yi!” ta faɗa masa a kunnen da ke ji.

“Takarda? Ta mece ce?”

“Takara! Kansila!”

Ya ajiye abin waldarsa, ya ɗage gilashin fuska, ya dube ta da kyau. “To wa zai ɗauke ki a waya in kina barci?”

Duk da haka shi ya haɗa mata dandamali a kan amalanke, da wurin maƙala lasifika. Yaƙin neman zaɓenta biki ne. Masu kitso na gari suka fito mata da salon kitso mai kama da eriya. Kullum tana kai tsaye, tana rawa, tana alkawari, tana amsa gaisuwa daga ƙasashen da in rana ta fito a nan can ta faɗi. Da ta ji Mai Kemis ma ta tsaya, tausayi ya kama ta. “Baiwar Allah, ko hoton kanta ba ta iya ɗauka ba,” ta ce wa masu kitso. Har ta yi mata tayin ta zo ta haska ta kyauta. Mai Kemis ta yi godiya, ta ce ba ta da lokaci. Kullum da yamma sai a gan ta da jakarta tana shiga gida-gida, tana zama da tsofaffi, tana tambayar mutane ko sun yi rajista, ko katinsu na nan, ko sun san rumfar da za su je.

Ranar zaɓe Rediyo ta isa filin makarantar firamare da sassafe, ta kafa sandarta, ta fara leƙa layi tana neman mutanenta. Layi dai ya yi tsawo, amma yawancin fuskokin na tsofaffi ne da matan gida, irin waɗanda wayarsu ba ta wuce kira da tocila ba. Ta ce wa masu kallo su fito, lokaci na tafiya. Amsoshi suka fara shigowa.

“Anti, ina ƙasar waje, amma zuciyata na tare da ke.”

“Anti, ni shekaruna ba su kai ba.”

“Ni mazaɓata daban, amma na tura wa kowa.”

“Anti, ai na zaɓe ki tun da safe, na danna miki zuciya har yatsana ya gaji.”

Ta kira Auta. Auta ta ce, “Umma, ai kin san a garin da nake aiki na yi rajista.” Rediyo ta ce to madalla, ta haifi 'yar kallo.

Saura Maigida. Da layi ya zo kansa, na'urar tantance masu zaɓe ta ƙi karɓar babban yatsansa, don wuta da ƙarfe sun goge zanen tas. Aka gwada na hagu, ta ƙi. Aka goge da auduga, aka hura, aka bi yatsu ɗaya bayan ɗaya, Rediyo na tsaye tana addu'a da ƙarfi, duk layi ya zuba ido. Sai a kan ɗan ƙaramin yatsa na'urar ta yi ƙara ta amince. Filin ya ɗauki tafi, har da wakilan Mai Kemis. Maigida ya ɗaga ɗan yatsan sama kamar wanda ya ci kofi.

Da yamma aka zazzage akwati a gaban kowa, aka fara ware ƙuri'u a kan teburi. Rediyo na haskawa tana sharhi. Tulin Mai Kemis na ta tashi, nata kuwa sai da aka ɗora masa dutse don kada iska ta tafi da shi. Muryarta ta yi ta raguwa, ta yi ta raguwa, har ta ɗauke. Maigida ya ga bakinta a rufe, ya ga mutane na tsaye, bai ji komai ba. Ya sa yatsa a kunne ya girgiza, a zatonsa sauran jin ne ya tafi.

Da ta ga haka sai ta kasa daurewa. Dariya ta ƙwace mata, irin mai haɗe da hawaye, har ta durƙusa tana riƙe da sandar waya. Da ta samu numfashi ta miƙe ta fuskanci masu kallo. “Jama'a, ga labari da ɗumi-ɗuminsa. Rediyo ta sha ƙasa! Ta sha ƙasa har ta ƙoshi! Ku da kuka danna zuciya, Allah ya saka, amma ba a ƙirga ta a nan.” Ta ratsa taro ta rungume Mai Kemis har gilashinta ya karkace, ta ce, “Honarabul, faɗa wa jama'a wani abu.” Mai Kemis ta dubi wayar ta ce, “Na gode.” Shi ke nan jawabin.

Ta yi kwana biyu abin na sukar ta, ba za a ce bai yi ba. In tana kitso sai ta tsaya da tsinke a hannu ta ce, “Wai har da tela bai zaɓe ni ba?” Amma Rediyo ba ta iya riƙon baƙin ciki, don riƙo na buƙatar shiru.

Sabuwar majalisa ta zauna. Ƙudurin farko da Mai Kemis ta kawo gajere ne kamar maganarta. Ta nemi a kafa kyamara a bango mai ɗaukar zauren gaba ɗaya, a riƙa ajiye cikakken zama inda kowa zai iya dubawa, a cire sakatar ɗakin kwamiti, sannan a ware wa jama'a lokacin magana a ƙarshen kowane zama. An yi ta ja-in-ja. Kyamara ta wuce, lokacin jama'a ya wuce, maganar sakata kuwa aka miƙa wa kwamiti.

Ranar da aka fara ba jama'a dama, Rediyo ta makara wajen ƙarasa wani kai. Ta iso ta tarar bencina sun cika maƙil, tsohon hedimasta a gaba da sandarsa, tela, masu faci, 'yan kasuwa, kusan kowa da wayarsa a sama. Sai da aka matsa mata ta samu gefen benci. Duk da haka ita aka fara kira, don girmamawa. Sakatare ya yi bayani cewa kowa 'yan mintoci ne nasa, in ya kaɗa ƙararrawa an gama.

Ta miƙe ta gyara mayafi. Ta gaida Ciyaman da iyalinsa. Ta gaida kansiloli ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi kansila mai barcin nan ya jikin matarsa. Ta gaida Baba hedimasta, ta gaida mai gadi, ta juya ta gaida kyamarar bango. Ta ja numfashi ta ce, “To, abin da ya kawo ni...” Ƙararrawa ta kaɗa.

“Ban fara ba fa, ranka ya daɗe!”

“Doka ce, Hajiya,” in ji Ciyaman, yana murmushin da ya daɗe yana tanadi.

A gida Maigida ya ba ta shawara. Ya ce ta riƙa zuwa da wuri ta gaida kowa a baranda, in ta shiga sai ta tafi kai tsaye ga magana. Ta yi mako tana gwaji a kan masu kitso. Zama na gaba ta miƙe ta ce, a numfashi ɗaya, bolar bayan makaranta ta kai taga, yara na karatu da hannu a hanci, a kwashe ta. Ta tsaya. Ƙararrawa ba ta kaɗa ba. Ta dubi Sakatare, ya ce saura lokaci. Rediyo ta rasa yadda ake yi da ragowar lokaci, don ba ta taɓa samun ragowa ba. Ta waiga ta ga wata mai sayar da ganye a bayanta, wadda tun safe take murza gefen zaninta tana son magana tana tsoro. Ta kamo hannunta ta miƙar da ita.

“Ranka ya daɗe, na ba ƙanwata sauran.”

Matar ta fara da rawar murya, tana bayanin yadda ɗakin haihuwa na asibitin unguwa ba shi da ruwa, sai mai naƙuda ta zo da jarkarta. Rediyo ta zauna ta kama bakinta da hannu biyu, ta yi iya ƙoƙarinta. Can sai aka ji “Gaskiya ne!” ya kuɓuce ta tsakanin yatsu. Ciyaman ya ɗaga ido. Ta nuna masa ai bakin a rufe yake. Matar ta ci gaba, muryarta ta fara ƙarfi.

“Faɗa musu, ƙanwata! Faɗa musu na jarka!”

Ciyaman ya buga guduma, ya ce in aka sake katse mai magana zai sa a fitar da mutum. Mai gadi ya matso, ya tsaya kusa da bencin. Rediyo ta matsa masa wuri, ya zauna, kuma da matar ta kai ƙarshen maganarta shi ya riga kowa tafi.